Bindigar Garbai

Bindigogi biyar Baban Kellu ya tara, kuma ko zomo bai taɓa harbi da ɗaya ba. Ni Yakura, matarsa, ni na san wuyar da na sha a kansu. Duk na sojan Ingilishi ne, tsofaffi, irin masu sakata a gefe da ake ja baya a tura gaba. Harsashi kuwa ko ɗaya babu a gidan.

Ƙanensa Garbai ne sanadi. Tun yana saurayi ya gangara Barno ya shiga soja, aka tafi da su yaƙin Jamus a dutsen Mora, bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari. Wani da suka yi yaƙin tare ya biyo ta nan garinmu Gure, ya ce Garbai ya ƙona shaidar shanun gidansu a ƙotar bindigarsa, layi biyu da ɗigo a tsakiya. Tun ranar mijina ya ɗora wa Ɗan Talata, falken da ke zuwa Nguru, aikin nemo bindigar. Huɗu suka zo ɗaya bayan ɗaya a cikin kayan raƙumi, babu shaida, ya ƙi mayarwa. Wai kowacce da mai ita, shi ma wani na kukansa. Awakina kaf a haka suka tafi.

Ta biyar ta zo a shekarar fara. Ya shafa ƙotar da babban yatsa, ya ce, "Ga shi ya dawo gida." Ranar bai ci abinci ba, ko da yake abincin ma ba wani na kirki ba ne, dusa muke dafawa. Ɗan man shanun da na ɓoye wa Kellu, 'yarmu da ke jego, na tarar ya lakata yana shafa wa sakata. Na yi masifa har maƙwabta suka leƙo. Shi ko ya ja sakatar, ta yi ƙaras, ya ce in ji yadda ta yi laushi. Wallahi da ina da ƙarfi, da na kai su rijiya a lokacin.

Da kaka aka yi shela a kasuwa: kumandan, Baturen da ke mulkinmu, ya ce duk mai bindigar Turawa ya kai bariki, wanda aka kama da ita sai gidan kaso a Damagaram. Baban Kellu ya ce zai binne su a kan tudun yashi bayan gari.

Na ce, "Malam, yashi tafiya yake yi. Baɗi war haka ba za ka gane wurin ba. Kawo su kwarina, gindin dabinon nan, ba mai tona lambun mace."

Ya dube ni ya ce, "Kin yi tunani." Muka naɗe su a tabarma, muka ɗora wa jaki da rana tsaka kamar kayan lambu.

To, ƙasar kwarin nan kanwa ce, ruwa kuma kamu biyu ka tarar da shi. Ni da ke kai fartanya maƙera duk shekara saboda kanwa ta cinye mata baki, ai ba a gaya mini. Ko mantuwa na yi, ko haushin man shanun nan ne ya yi magana da bakina, har yau ban sani ba. Abin da ke hana ni sakewa ke nan.

Shekara huɗu gardawan bariki, dogaran kumandan, na shiga gidaje neman bindiga. Kafin abin ya lafa idon mijina ya soma yin yana, tafiya sai da sanda. Wata safiya ya ce mu je, yana so ya taɓa Garbai tun hannunsa na ji.

Ni na haƙa. Tabarmar ta zama baƙar laka. Na zaro ƙarafa biyar jajaye, sun kumbura da tsatsa, suna ɓarewa kamar ɓawon itace. Ƙota babu ko guda, ta ruɓe ta bi ƙasa. Ya durƙusa yana lalube, ya kama sakatar farko ya ja, ba ta motsa ba. Ta biyu kanta ya ɓalle a hannunsa. Ya bi su duka da babban yatsa, daga sama har inda katako yake a da, ya sake bi.

Na jira ya zage ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi.

Sai ya ce, "Yakura, ke idonki na gani. Wacce ce?"

Duk ɗaya suke. Na ɗauki ta tsakiya na sa masa a cinya, na ce, "Wannan ce, ita na sa a tsakiya."

Ya rungume ta, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Tana nan jingine a ɗakinsa. Kullum da hantsi yakan ce in kawo man shanu, ni kuma in kawo.