Ƙarfe Ba Ya Shan Ruwa

Ni manomi ne. Gero na sani, da dawa, da albasa. Ruwan da na sani shi ne na rijiya da na sama. Shekarata saba'in da 'yan kai a Gwandu, kuma ban saba a gyara mini magana ba, balle a gaban mutane.

Bawa ɗana ne na biyu. Ya daɗe yana kabu-kabu a Birnin Kebbi, har ranar da babur ya kayar da shi, gwiwarsa ta ƙi komawa daidai. Ya dawo gida da mata da 'ya'ya huɗu. Noma ya gagare shi, don ba ya iya duƙawa. Matarsa Hafiza 'yar wani ƙauye ce a bakin gulbi, a ƙasar Kalgo, kuma danginta masunta ne. Ita ta kawo shawarar kamun kifi. Ta ce mai ciwon ƙafa zai iya zama cikin jirgi ya shimfiɗa raga. Ta sayar da saniyar da ta gada, aka ce a nemi jirgin alminiyam, don ya fi na itace rashin nauyi, Bawa zai iya jan sa shi kaɗai.

Na ce ba za a sayi komai ba sai na gani da idona.

Mai jirgin sunansa Malam Filibus, mutumin Zuru, tsohon malamin gona da ya yi ritaya a Kalgo. Jirgin ya shekara uku a kife a bayan gidansa. Aka ɗora shi a amalanke zuwa ƙauyen su Hafiza, aka saka a ruwa. Masunta suka taru suna kallo. A cikinsu akwai Abu, kawun Hafiza, wanda zai koya wa Bawa sana'ar.

Jirgin ya zauna kyam a kan ruwa. Jim kaɗan sai na ga gumi yana fitowa a gindin ƙusoshin da suka haɗa ƙasansa. Ɗigo-ɗigo, layi guda.

Malam Filibus bai ɓoye ba. Ya ce, “Baba, ka gani ko? Ƙusoshin nan sun saki. Na rage muku farashi saboda su. Amma kafin a shiga da shi tsakiya, a kai shi Birnin Kebbi wurin mai waldar alminiyam.”

Na dubi bakin gulbin. Ga jiragen itace nan biyu an nutsar da su a gefe, ruwa ya cika su. Na tambayi dalili. Aka ce sababbi ne, ana jiƙa su ne don katakon ya kumbura ya toshe kafofi. Wannan kuwa na san shi. Ƙotar fartanya in ta yi sako-sako, ruwa nake jefa ta, da safe ta kama gam. Akushi ma haka.

Na ce, “Ba walda yake so ba. Rana ce ta busar da shi shekara uku. A bar shi cikin ruwa kwana uku, zai kama kansa.”

Abu ya yi murmushi. Ya ce, “Malam Faruku, ai ƙarfe ba ya shan ruwa.”

Wani daga baya ya ce, “Sai dai in a Gwandu yana sha.” Aka yi dariya.

Da ni da Abu kaɗai ne, wataƙila da na ji. Amma a gaban surukai, ana dariya, ga ɗana a tsaye. Na ce, “Tun ba a haife ka ba nake gyaran kayan aiki. Na ce kwana uku.” Na juya wajen Bawa. “Ba za a kai shi wurin mai walda ba. Ka ji ni?”

Bawa ya yi shekaru yana kwance babur yana ɗaurawa. Ya san ƙarfe fiye da ni. Ya dubi ƙasa ya ce, “Yadda ka ce, Baba.”

Abu ya bar zancen a nan. Suruki ba ya ja da suruki.

Na bar Bawa da iyalinsa a ƙauyen, na hau mota na koma Gwandu. Da yamma ina cin tuwo na ba wa matata Amatullahi labari, har da yadda na rufe bakin Abu. Tana kankare tukunya. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Malam, tukunyata ta alminiyam da ta huje bara, jiƙa ta muka yi ko maƙeri muka kai wa?”

Na ce, “Tukunya daban, jirgi daban.”

Ta ce, “To.”

Tuwon bai ƙara yi mini daɗi ba. A take na san gaskiyarta ce. Wayata tana aljihun rigata. Dannawa ɗaya ce, in ce, Bawa, kai jirgin nan walda. Amma Bawa zai gaya wa Abu, Abu zai gaya wa masu dariya. Na ce gobe. Goben ta zo, na tafi gonar albasa. Na riƙa gaya wa kaina cewa ɗigo ne kawai, ƙwarya za ta kwashe. Kwana bakwai ina haka.

Rana ta takwas, da hantsi, Hafiza ta kira. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, “Baba, jirgi ya nutse. An ciro maigida da rai.”

Na iske Bawa kwance a zauren Abu, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Abu ne ya ba ni labari a waje. Kwanakin farko a gefe-gefe Bawa yake aiki, yana kwasar ruwa da ƙwarya. Ran nan ya shiga tsakiya. Hannayensa biyu suna kan raga, layin ƙusoshin ya buɗe gaba ɗaya. Jirgin itace ko ya cika yana yawo a sama, mutum ya rataya a jikinsa. Na ƙarfe da ya cika sai ƙasa. Bawa kuma ɗan tudu ne, bai iya iyo ba, ga ƙafa. Mutum uku suka faɗa ruwa suka ciro shi. Ɗayansu raga ta naɗe masa ƙafa, da kyar ya fito.

Abu ya ce, “Sarkin Ruwa zai zauna bayan la'asar. A nan, baƙon da ya yi wa ruwa ganganci har ya jefa wasu cikin haɗari, ba ya sake shiga. Haka muka gada.”

Na ce, “Mi Bawa ya faɗi?”

“Ya ce shi ya miƙe tsaye, jirgi ya kife.”

Na dube shi. Shi ma ya dube ni. Mun san Bawa ba ya iya miƙewa a ƙasa ma sai da sanda.

Aka zauna a gindin wata tsamiya. Sarkin Ruwa tsoho ne, sa'ana, fatarsa ta ƙone da rana. Aka kawo Bawa a tallabe. Hafiza tana can nesa da mata, goye da ƙaramarsu.

Sarkin Ruwa ya ce, “Ɗan Gwandu, an ce tsalle ka yi cikin jirgi. Rawa kake koyo?”

Bawa ya ce, “Kuskure ne, ranka ya daɗe. Laifina ne.”

“Ba a gaya maka mai koyo ba ya tashi tsaye ba?”

“An gaya mini.”

Waɗanda suka yi dariya ranar sayen jirgi duk suna wurin. Sun ji abin da na faɗa da kunnensu. Babu wanda ya dube ni. Kunyata suke ji, suna rufa mini asiri, ɗana kuma yana biya da abincin 'ya'yansa. Da na yi shiru, da shi ke nan, in koma Gwandu da girmana.

Sarkin Ruwa ya gyara zama zai yanke magana. Na tashi.

Na ce, “Bai miƙe ba. Jirgin yana yoyo tun ranar da aka saye shi. Mai shi ya faɗa, Abu ya faɗa. Ni na hana a kai shi walda. Na ce a jiƙa shi ya kumbura.”

Sarkin Ruwa ya ce, “A jiƙa mi?”

“Jirgin.”

“Na ƙarfen?”

“Shi.”

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Na ce, “Tun daren farko na gane kuskure ne. Ina da waya. Ban kira ba.”

Wannan Bawa bai sani ba. Ya ɗago kai ya dube ni, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba. Sannan ya mayar da kansa ƙasa.

Sarkin Ruwa ya murza gemu. Ya ce, “Wanda ya bi maganar ubansa ba mu korar shi. Amma wanda ya ga yoyo ya shiga tsakiya, bai san ruwa ba tukuna. Zai zauna cikin jirgin Abu har ruwa ya janye, kuma a koya masa iyo. Na ƙarfen a ciro shi a kai walda.” Ya juyo gare ni. “Kai kuma, Malam, ka riƙe albasarka. Mu ba mu zuwa Gwandu mu gaya maka lokacin dashe.”

Na ce, “Na ji.”

Da aka watse na je wurin Bawa. Ya ce, “Baba, da ka bari.”

Na ce, “Na bari kwana bakwai. Ya isa.”

Tari ya sarƙe shi. Hafiza ta kawo mini ruwa a kofi, ta durƙusa ta ajiye, ta tashi ta tafi. Har yau gaisuwarta gajera ce, kuma ban ga laifinta ba.

Washegari masunta suka nutsa suka ɗaura wa jirgin igiya. Ana neman hannu a bakin gaɓa. Na naɗe riga na matsa. Abu ya ce, “Malam, ba nan ba, taɓo ne. Koma can baya, ka kama ƙarshen igiya. Kada ka ja sai na ce.”

Na koma baya na kama. Na jira har ya ce.