Ƙararrawar Ponnamma

Ranar da suka bar Kollam a jirgin ruwa, Ponnamma ta yi ta dariya har haƙarƙarinta ya yi ciwo, alhali ba wanda ya ba ta abin dariya. Murna ce zalla. Jirgi ne mai ɗakin kwana da rumfar asabari a gaba, 'yarsu ta ɗaukar musu hayarsa su shaƙata har Kochi, daga ita sai mijinta Sukumaran, sai Mathai da ya haɗa tuƙi da girki.

Sukumaran direban bas ne tun kafin aurensu, bana ya ajiye aiki. Ita kuwa ta fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa, don ko biki za su je, shi yana gaba riƙe da sitiyari, ita tana baya a matse cikin fasinja. Abin da take so a tafiyar nan bai taka kara ya karya ba: su ci abinci su biyu, yana fuskantarta, babu baƙon ido.

Ranar farko sai son barka. Sun sayi jatan lande a hannun mai kwalekwale, sun shanya wanki a igiyar jirgi, garken agwagi ya tare musu hanya tana tafi kamar yarinya. Sai dai ko da aka zo cin abinci, idon mutumin yana kan sitiyari. Washegari ya tasa Mathai gaba da magiyar ya ba shi tuƙi. Mathai ya ce masa abin nan fa ba shi da birki, amma da ya tuna kifinsa na kan wuta, sai ya sakar masa kujera.

To, mutanen bakin ruwa ɗabi'arsu ce, in jirgi ya zo wucewa su ɗaga hannu. Wata mai wanki ta ɗaga nata. Kafin ka ce kwabo Sukumaran ya karya kan jirgi ya nufe ta, Mathai ya fito da gudu da ludayi a hannu. Matar ta ce ita gaisuwa kawai ta yi, amma tunda an tsaya, surukarta na son zuwa asibiti a can gaba.

Shi ke nan, an buɗe ƙofa. Labari ya riga jirgi isa gaba, wai ga bas ta shigo ruwa. Kafin la'asar sun kwashi mai nonon ayaba, da tela da kekensa, da makaɗan da za su bikin wurin bauta, da akuya guda wadda har yau ba a san mai ita ba. Makaɗa suka saki ganga, tsohuwar da za ta asibiti ta manta da ciwon gwiwa ta taka rawa. Ponnamma ma ba a bar ta a baya ba, ita ce raba shayi, ita ce korar akuya daga wanki, tana dariya har da hawaye. Sai da aka watse ta ga kifin da aka gasa musu a ganyen ayaba saura ƙaya, mijin kuma ya ɓingire da barci a kujera. Abin ya sosa mata rai ƙwarai.

Haka aka yi ta yi har yammacin ƙarshe. Jirage kan ɗaure kafin faɗuwar rana saboda masunta na shimfiɗa raga, gobe da hantsi kuma sai Kochi. Fasinjan ƙarshe ya sauka. Ponnamma ta shimfiɗa ganye biyu, ta zuba rogo da miyar kifi. Tana ɗagowa ta hango mutane cirko-cirko a bakin ruwa, hannuwa a sama, kan jirgi kuma ya fara karkata.

"Baban yara, don girman Allah, gaisuwa fa suke yi."

"Na sani, Ponnu," ya ce ba tare da ya waiwayo ba. "Hannun ne ba ya jin magana. Ban taɓa wuce mutum ya ɗaga hannu ba, sai in kwandasta ya buga biyu."

Ashe nan maganin yake. A bas ɗinsu direba ba ya jin kowa sai ƙararrawar kwandasta, bugu ɗaya a tsaya, biyu a wuce. Ta yi shekaru tana jin ƙarar nan a saman kanta, ba ta taɓa tunanin za ta yi mata rana ba. Ta ɗauki cokali da kofin ƙarfe, ta daidaita tsayuwa a bayansa, ta buga. Kyan, kyan.

Kafaɗun mutumin suka miƙe. Ya mayar da sitiyari, ya ƙara wuta, jirgi ya wuce abinsa. Mutanen suka ci gaba da ɗaga hannu suna murmushi, ban da wani mai kwando da ya bi su da zagi. Mathai ya zauna a ƙofar kicin yana dariya har da riƙe ciki, yana cewa da ya sani da tun a Kollam ya ba ta kofin.

Suka wuce matsaya ta biyu, ta sake bugawa. Ta uku ma haka, yanzu har da rangwaɗa. Sai da suka kai wata gaɓa da babu kowa, daga itatuwan kwakwa sai balbelu, sannan ta buga ɗaya.

Ya kashe inji, Mathai ya ɗaure igiya ya ɓace.

"Nan za ki sauka, Hajiya kwandasta?" in ji Sukumaran.

"Ba inda za ni. Juyo da kujerar."

Ya juyo. Ta tura masa ganyensa, ta zuba tagumi tana kallonsa, har ya tsargu ya shafa fuska ya tambaye ta ko miya ce ta taɓa shi.

"A'a," ta ce. "Ashe har girarka ta yi furfura. Yaushe?"