Ƙwarin Kabad ɗin Nunzia

Nunzia ta ɗora tsinin ƙusa a ƙofar kabad, ta ƙwanƙwasa a hankali da dugadugin takalminta. Wani ɗan rami ya fito. Ta ƙara biyu a ƙasansa, ta jefa ƙusar a aljihu.

Kabad ɗin gadon mahaifiyarta ne. Duk Asabar sai ta goge shi da kakin zuma, har mutum na ganin fuskarsa a jiki. Bara ƙwaron katako ya shige shi da gaske, ta kira Cosimo kafinta, wanda shi ma zaman kaɗaici yake tun rasuwar matarsa. Ya yi ta zuwa yana ɗura magani a ramukan, yana shan kofi, yana ba ta labari har sai ta dafe ciki don dariya. Da ƙwarin suka mutu, ya daina zuwa. Shi ya sa yau da safe ta aika masa cewa sun dawo.

Sai dai 'yarta Ilaria ta riga shi isowa daga birnin Bari, ba sanarwa. Tana shiga ɗakin idonta ya faɗa kan ramukan.

"Mama, sun dawo kuma? Za su ci gado, su ci tebur, su ci ƙofofi. Yanzu zan kira masu kwashe tarkace."

"Sai dai su haɗa da ni su fitar."

"Katako ne fa, Mama."

"Cikinsa kika riƙa ɓuya in kin fasa abu, mara kunya."

Ilaria ba ta kula ba. Ta gama wayar ke nan Cosimo ya shigo da jakarsa. Ya durƙusa da ƙyar, ya gyara tabarau, ya shafa ƙasan kabad. Babu ko ɗigon garin katako. Ya ɗago ya dubi Nunzia. Ita kuwa ta duƙufa ninke tsumma.

"Mastro Cosimo, faɗa mata gaskiya," in ji Ilaria. "A fitar da shi, ko?"

"Kul," ya ce. "Irin wannan ƙwaro, ana motsa kabad yake watsuwa. Sai ya bi ki har Bari a cikin jaka."

Ilaria ta janye jakarta daga kan gado. "To, sai yaya?"

"Magani a hankali. Duk Laraba."

"Har zuwa yaushe?"

"Ya danganta da ƙwaron. Wannan akwai naci, ga wayo. Da gani tsoho ne."

"Wa ya ce maka tsoho ne?" Nunzia ta ce da sauri.

Ilaria ta dube ta da mamaki, sannan ta fita baranda don ta hana masu kwashe kayan zuwa.

Cosimo ya murza kaki da yatsa, ya shiga toshe ramukan. Bai ɗago ba ya ce ƙasa-ƙasa, "Donna Nunzia, ƙwaro ba ya jera rami a layi kamar maɓallan riga. Kuma ki bar fuskar ƙofar nan ta huta, katakon ya yi kyau da yawa. Ga baya can, ba mai gani."

Ya laluba jakarsa, ya zaro wata siririyar ƙusa, ya ajiye a gefen gado.

"Wannan ta fi dacewa. Taki ta yi kauri."

Nunzia ta ɗauke ta kafin 'yarta ta dawo.

"Ran Laraba taliya da wake nake dafawa," ta ce. "Kada ka ci komai a gida."