Kabewar Bayan Duro

Da Baba ya yi ritaya, sai ya mayar da ofishinsa bayan kicin. Ɗan fili ne tsakanin tagar kicin da katanga, inda Mama take shanya. Ya kafce shi, ya dasa tumatir, ya haƙa rami a kusurwa kusa da tsohon duron ruwa, sannan ya kafa doka: ba abin da zai sake shiga kwandon shara sai da izininsa.

Ɓawon ƙwai, ɓawon albasa, ɓawon ayaba, ganyen shayin da aka tace, duk sun zama na lambu. In Mama na fere dankali, yana tsaye a kanta da roba a hannu.

"Darakta, matsa ka ba ni iska," in ji ta. "Ko ɓawon ma sai ka sa masa hannu?"

"Ke dai ƙara kaurin firar. Ƙasa na jin yunwa."

"Mu kuma da muka ƙoshi, ko?"

Ni nake daka masa ɓawon ƙwai, yana barbaɗawa a gindin tumatir don kada dodon-koɗi ya hau. Ayaba da ya ce ba ya so tun muna yara, ya koma cinta safe da yamma saboda ɓawo.

Matsalar Baba ita ce bai san daidai ba. A wurinsa, in kaɗan ya yi amfani, da yawa sai ya fi. Sai ya fara juye ragowar abinci a ramin, da mai da ƙashi da komai. Wari ya tashi, ɓeraye suka amsa gayyata. Ran nan Mama na shanya, wani ƙato ya bi ta kan ƙafarta ko sannu babu. Ba ta yi ihu ba. Waya ta ɗauka ta kira magini, ta ce ya zo Asabar ya malale wurin da siminti.

Baba ya ga babu mai ceton lambun sai tumatir ya nuna kansa, ga shi ƙananan ƙwari sun cika bayan ganye. Ya markaɗa tafarnuwa da barkono a bilendar Mama. Na ce masa a hankali ai sirkawa ake yi da ruwa sosai, a fesa da yamma.

"Auta, ba a yi wa ɓarawo rangwame."

Ya fesa abinsa da kauri, da tsakar rana, yana atishawa. Ƙwarin sun mutu, gaskiya. Tumatir ma ya bi su.

Ta taga na hango shi zaune a kan kifaffen bokiti, yana murza busasshen ganye a tafinsa. Sai na tambayi kaina, in aka malale wurin nan, ina zai riƙa zuwa da safe bayan ya sa hula?

Asabar magini ya zo da buhunan siminti. Yana ture duron, sai ga wani abu ya yi yaɗo daga bakin ramin ya bi katanga a ɓoye, ganye fala-fala, fure ruwan ɗorawa, da 'yar kabewa kamar dunƙulen hannu. Ya ɗaga shebur zai sare.

"Kai, tsaya!" in ji Mama. Ta durƙusa ta shafa ta. "Wannan ai tawa ce. Ranar da muka yi faɗa da Darakta a kan bilendata ta farko da ya lalata, ta taga na watso 'ya'yan kabewa, ba tare da izinin kowa ba. Ga ta nan. Ba dokoki, ba feshi."

Baba ya gyara murya. "To, amma ai ramina ne ya..."

Na taka masa ƙafa. Ya dube ni, ya dubi buhunan siminti, ya haɗiye sauran maganar da ƙyar kamar ƙwayar magani.

"Kabewarki ce," ya ce. "Hannunki na da albarka."

"Maimaita, magini bai ji ba."

Ya maimaita.

"Hajiya, simintin fa?" in ji magini.

"Je ka gyara min gindin famfo."

Yanzu dokokin Mama ke aiki. Dafaffen abu ba ya shiga rami, ruwan barkono ita ke sirkawa, bilenda kuwa ko kallonta Baba ba ya yi. Kullum da safe yakan sa hularsa ya tsaya a ƙofar kicin da robarsa, sai an ce ya shigo. Shi ke zagaye kabewar da ɓawon ƙwai, shi ke ɗaga ganye yana duba ƙwari. In Mama ta tafi kasuwa, yakan kira maƙwabcinmu ta kan katanga ya nuna masa, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka ga tawa? Wata uku ina fama da ita."