Kwanon Sabitu

Me ya sa wanda abu ya durƙusar shi ne ke yabon abin, wanda kuma ya yi ƙiba da shi ke tsine masa? Na fi shekara ina juya tambayar nan a shagona na gyaran rediyo a Kurfi, ban samu amsa ba. Abin da na sani kawai shi ne yadda ta kasance a zauren Baba Tukur, inda muke ciyayya.

Mu shida ne. Kullum bayan sallar magariba kowa zai fito da kwanon tuwon gidansa a rufe, a jera a tsakiyar tabarma. Baba Tukur, wanda ya girme mu duka, shi ke buɗe su ɗaya bayan ɗaya, mu sa hannu tare. Ciyayya tana da ƙa'idojin da ba a faɗa. Ba a tambayar kwanon wane ne wannan, ko da kowa ya sani. Ba a yabon miya, ba a kushe ta. In an gama, Baba ya rarraba abin da ya rage a kwanuka ya rufe, kowa ya ɗauki nasa. Ranar da ba a ɗora tukunya a gidan mutum ba, sai ya kawo kwanonsa a rufe kamar kullum. Baba zai ɗaga ya ji ba nauyi, ya ture shi gefe ba tare da ya buɗe ba, kuma wannan kwanon ne zai koma gida a cike. Sharaɗin ɗaya ne: abincin da ka sa wa hannu shi ake zuba maka ragowarsa. Wanda ba ka ci ba, in aka zuba maka ya zama sadaka, kuma ba a yi wa maƙwabci sadaka a gaban mutane.

Sabitu da Alhaji Mas'ud tare suka tashi. Tun suna samari suke koro awaki daga kasuwannin Nijar, ta bayan Jibiya, su kawo kasuwar Dutsin-Ma. Alhaji ya yi gaba har ya mallaki manyan motoci. Sabitu ya tsaya inda yake, kai biyar, kai goma, abin da dai zai riƙe gida. Mahaifiyarsa mutuniyar Madarumfa ce, can kusa da Maraɗi, kuma a can ƙanwarsa Hussaina take aure.

Da sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarki. Sabitu ya zauna. Gonarsa ta wajen Wurma ba ta nomuwa saboda 'yan bindiga, don haka jarinsa ya riƙa ci. Motocin Alhaji kuwa makonni kaɗan suka yi a tsaye. Yana da mutanen da ke fito masa da dabbobi ta daji, yana da abin da zai sallami kowane shinge. Ƙananan 'yan kasuwa suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, dabba ta yi tsada, kasuwa ta koma hannun mutum uku ko huɗu irinsa. A cikin watannin nan ya ɗora bene a gidansa.

Ni na kawo rediyon, wannan ba zan ɗora wa kowa ba. Wata ce da na gama gyara, na zo da ita zaure don in ji ko ta daina shaƙewa. Muna tsakiyar cin abinci aka karanta cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar ECOWAS.

Sabitu ya ɗaga kai. “Alhamdu lillahi. Sun yi daidai.”

Alhaji ya yi dariya har ya ƙware. “Janar Sabitu! Kai da ko tunkiya ɗaya ba ka tsallako da ita ba tun damina, kai ke tafi?”

“Wa ya hana ni tsallakowa? Su suka rufe, ko ƙungiyarku?”

“Ƙungiyarmu? Baba, ka ji fa, ni ne ECOWAS ɗin yanzu.”

“Shugabanta na Kurfi ma. Ai mun ga ofishin, hawa biyu.”

Aka yi dariya, har Baba Tukur. Da a nan aka tsaya, da ba abin da zan rubuta. Amma Alhaji ya ci gaba, yana ƙirga hujjojinsa da yatsu masu maiƙo. Ƙasar da ba ta da teku ina za ta? Takardar da muke wucewa da ita ba wahala, wa ya kawo ta? Sojoji ne kawai ke son kujera, talaka ke biya. Ban ji ƙarya a cikin maganarsa ba. Sabitu ya ce shi bai san teku ba, abin da ya sani shi ne Hussaina ta haihu da fitilar waya saboda an kashe musu wuta, kuma waɗanda suka kashe suna kiran kansu 'yan'uwa. Ya ce ko talaka yana da ranar da zai ce ya isa. A nan ma ban ji ƙarya ba.

Sai Alhaji ya ce, yana gutsurar tuwo, “Ku ƙyale su. Yunwa za ta dawo da su da rarrafe.”

Hannun Sabitu yana cikin kular Alhaji a lokacin. Ya zare shi a hankali, ya sauke lomar da ya ɗauka a gefen murfi.

“Hussaina ce za ta yi rarrafen?”

“Haba Sabitu, maganar gwamnati nake.”

“Gwamnati ba ta jin yunwa, Alhaji. Wallahi tallahi, hannuna ba zai ƙara shiga kwanonka ba.”

Baba Tukur ya ce, “Subhanallahi, Sabitu, da rantsuwa?” Amma ta riga ta fita.

Bai daina zuwa ba. Zai zauna, ya ci a kwanona, ya ci a na Baba, in aka buɗe kular Alhaji sai ya ja da baya ya nannaɗe hannu. Da farko abin kamar wasa, Alhaji na tsokanarsa, “Janar ya sa mana takunkumi.” Amma shekarar ta yi tsanani. Kwanukanmu duk sun ƙanƙance, ana buɗewa ake cinyewa. Abin da ke raguwa na Alhaji ne, shi kuma Baba ba shi da damar zuba wa Sabitu. Ko da aka buɗe iyaka, Sabitu ba shi da jarin da zai koma. Kwanonsa ya tashi daga tuwon dawa ya koma kwaɗon rama. Ran nan na ga Baba ya ɗaga shi ya ture gefe. Da aka tashi ya tsaya yana duban kwanukan, ba abin da zai zuba sai na Alhaji. Haka Sabitu ya ɗauki kwanonsa yadda ya kawo shi, a gabanmu, muna jin murfin na ƙara a hannunsa.

Zauren ma ya rabu. Ana buɗe abinci ake buɗe gardama, wannan ya ce sojoji, wancan ya ce Faransa. Sa'idu tela, wanda ke goyon bayan Alhaji, ya ce ba zai iya cin tuwo ana zagin ƙasarsa ba, ya daina fitowa. Ban ji wanda ya zagi ƙasar kowa ba, amma haka ya ji.

Na kwana biyu ina tunani, sannan na yi abin da har yau ban san hukuncinsa ba. Na sami Alhaji a ƙofar gidansa.

Ya ce, “Malam Badaru, ni na hana shi? Ga abinci nan. Girman kai ne kawai.”

Na ce ba shari'a na zo yi ba. Na roƙe shi ya sa a riƙa aika rabin abincin gidana, matata Adama ta juye a kwanona, in fito da shi kamar nawa. Ya ce to. Har ya ƙara da cewa kada in gaya wa kowa. Na ga idonsa, ba mugunta a ciki. Amma bai ce zai je ya ba da haƙuri ba, ni ma ban ce ya je ba.

Adama ta ce, “Malam, girkin Hajiyar Alhaji ba ya ɓoyuwa.” Na ce ta juye kawai.

Bayan magariba Baba ya buɗe kwanona. Tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa, man shanu na yawo a sama. Sabitu ya yi loma ɗaya, ya yi ta biyu. A ta uku yatsunsa suka ci karo da tsoka. Ya dube ta, ya dube ni.

“Malam Badaru, yaushe gyaran rediyo ya fara sayen man shanu?”

Alhaji ya sunkuyar da kai.

“Na ɗauka kai ne mai karatun cikinmu,” in ji Sabitu. Bai ɗaga murya ba. Ya jawo buta ya wanke hannu sosai, har tsakanin yatsu, ya ɗauki kwanonsa ya fita.

Ya yi kusan wata biyu bai leƙo zaure ba. In mun haɗu a masallaci zai amsa sallama ya wuce. Da ma yana samun loma huɗu ko biyar a kwanukanmu; dabarata ta raba shi da su ma.

A tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, na je Dutsin-Ma sayen kayan gyara. Na bi ta karar dabbobi sai na hango shi. Yana riƙe wa wani baƙo igiyar raguna biyu, irin aikin da ake ba mutum abin shan ruwa. Rigarsa ta yi masa yawa. Na yi niyyar kaucewa, sai ya kira ni.

“Malam, zo. Tambaya gare ni.”

Muka koma gindin wata bishiya. Ya ce Hussaina ta zo, yau kwana tara, da 'ya'ya uku. Mijinta ya tafi neman aiki arewa, ba labari. Ta ɗauka nan ya fi can.

“Jiya ƙaramar ta tambayi Kande, wai a Najeriya sau ɗaya ake cin abinci?” Kande matarsa ce. Ya yi wata 'yar dariya. “Ka ga, ba da rarrafe suka zo ba. A mota suka zo.”

Sai ya juyo ya dube ni.

“Wanda ya karya rantsuwa, mene ne a kansa?”

Na ce iyakar abin da na karanta, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su. In ba shi da hali, ya yi azumin kwana uku.

“Azumi uku? To ai niyya ce kawai ta rage mini.” Ya gyara igiyar a hannunsa. “Amma ka sani, ban canza ba. Har gobe sun yi daidai da suka fita.”

“Ko da ga inda ta kai ka?”

“Ko da ga inda ta kai ni. Alhaji ma da ya ce sun yi kuskure, ai ga inda ta kai shi.”

Mai ragunan ya ƙwala masa kira, ya tafi.

Bayan kwana uku, mun zauna mu huɗu, Baba ya miƙa hannu zai buɗe kwano na farko, sai muka ji sallama. Sabitu ne. Ba kwanonsa na kullum ya riƙo ba, babba ne, irin wanda mata ke fitarwa ranar suna. Ya ajiye a tsakiya ya zauna inda ya saba zama. Baba ya amsa sallamar kamar jiya suka rabu, ya ɗaga kwanon da hannu ɗaya, ya ture shi gefe.

Aka buɗe nawa, muka cinye. Aka buɗe na Baba. Sabitu yana ci a hankali, ba ya duban kowa. Sannan Baba ya jawo kular Alhaji ya kwance murfin, tururi ya tashi.

Alhaji ya gyara zama. “To, Janar, ashe dai...”

“Mas'udu,” in ji Baba Tukur. Tun da Alhaji ya dawo daga Makka ban ji an kira shi haka ba. Ya rufe baki.

Ba wanda ya sa hannu. Alhaji ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, wai shi ya ci wani abu da la'asar, a ci kawai. Ni ma na ce cikina ya cika. Baba ya tura kular gaba kaɗan.

Sabitu ya naɗe hannun rigarsa. Ya yi bisimilla, ya sa hannu a cikin kular, ya gutsuro loma ƙarama ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa kafin ta wuce.