Kwallin Rijiyar Rabe

Ni Hansai, da hannuna na yi, kada kowa ya ɗora wa surukata Zakiyya laifi.

Shekarar da ƙanena Rabe ya haƙa mana rijiya a Gozaki, ya kai zurfin gaba goma sha biyu ya ci karo da wani dutse ruwan toka mai ƙyalli. Ɗan ƙarami, amma nauyi kamar me. Ya buga masa diga ya farfashe. Na goga guntu a dutsen niƙa, ya bar baƙin layi.

Na ce, "Kai Rabe, ai kwalli Allah ya kawo mana har gida!"

Na niƙe shi luƙwi na cika tandu. Lokacin Zakiyya, matar ɗana Murtala, tana jegon Raudatu. Kullum aka gama wa jaririyar wanka sai in karɓe ta in rambaɗa mata.

Zakiyya ta ce, "Inna, a asibiti sun ce kada a sa mata komai a ido."

"Asibiti? Shi mijin naki da me na wanke masa ido? Ke dai Allah ya shirye ki."

Kunyarta da bakina, su suka cuce mu.

Shekara biyu yarinya tana murza ido tana kai hannu baki. Sai ta daina cin abinci, sai amai, ran nan kuma jijjiga. A Malumfashi aka auna jininta aka ce gubar dalma ce. Murtala ya kai guntun dutsen wa abokinsa Abdulrahman, malamin ilimin duwatsu, ya dawo ya zauna yana kallon ƙasa.

"Inna, ya ce ba ma dutsen kwalli ba ne, kama kawai suka yi. Dalma ce haɗe da wani sinadari, seleniyam. Wai ba kasafai ake samunsa ba a duniya."

Ji fa! Duk faɗin duniya ya rasa inda zai ɓullo sai rijiyarmu, ya rasa hannun da zai faɗa sai nawa.

An cike rijiyar. Raudatu ta rayu, shekararta shida yanzu, ba ta iya haɗa kalma uku. Zakiyya ba ta taɓa ce mini uffan ba. Wallahi da ta zage ni da na ji sanyi.

Jiya wata baƙuwa ta kama haɓar yarinyar ta dube ni ta ce, "Tubarkalla, waɗannan idanu! Hajiya, me kuka sa mata tana jaririya?"

Zakiyya ta ci gaba da tankaɗe. Raudatu ta juyo tana min dariya.