Salansar Lonnie Vickery

Gara in faɗa tun yanzu, ni ban iya riƙe fuskar mutum ba, motarsa nake riƙewa. Shekara ashirin da shida ina aikin kanikanci a gundumar Tolliver. In ka tare ni a ƙofar coci ka ce, "Darrell, ka gane ni?" murmushin ƙarya kawai zan yi maka. Amma in ka ce kai ne mai farar motar nan da birkinta ke kuka, sai in tambaye ka ciwon ƙafar mahaifiyarka. Matata Rhonda ta rantse ranar da na je neman aurenta motar babanta na fara gaisarwa.

Mutum ɗaya na riƙe fuskarsa da motarsa duka, shi ne Lonnie Vickery. Ni kaɗai ke da janwe, motar jan mota, a wannan yanki, kuma sau huɗu 'yan sanda suna kirana in ciro koriyar akori-kurarsa daga inda ya cusa ta. Sau biyu a rami, sau ɗaya cikin shingen shanu, sau ɗaya jikin allon coci. Duk zuwan da na yi ina samunsa zaune a bayan motar 'yan sanda, yana warin barasa kamar an wanke shi da ita, yana ɗaga mini hannu.

Ranar Litinin muna cin abincin rana Rhonda ta ce, "Ka ji tsoho Clovis ya ajiye tuƙin motar makaranta? Idonsa ya ƙi."

Na ce, "Da ma lokaci ya yi. Wa za a ba?"

Ta ajiye cokali ta ce, "Haɗiye abin da ke bakinka tukuna."

Na haɗiye.

"Lonnie."

Jikarmu Tessa shekararta shida, a wurinmu take zaune saboda uwarta na aiki a kamfanin kaji can wani gari. Motar da Clovis ya ajiye ita ke ɗaukar Tessa kullum, kuma hanyarta ta bi ta gangaren dutse ta sauka kan gadar Rafin Sully. Gadar kuwa shimfiɗar siminti ce kawai, ba shinge, faɗinta da kyar ya fi na motar. Ni da ban taɓa shan abin da ya wuce kofi ba, sai na riƙe numfashi nake haye ta.

Ko hannu ban wanke ba na tafi shagon Wendell Sapp, mai sayar da abincin dabbobi, wanda shi ne shugaban kwamitin makaranta.

Na ce, "Wendell, kun haukace ne, ko yaran ne suka yi muku yawa?"

Ya ce, "Sannu da zuwa, Darrell. Ni ma lafiya lau nake."

"Mashayi za ku ba yara talatin?"

"An bincika lasisinsa, tas yake. Ba inda aka rubuta an taɓa kama shi da tuƙi cikin maye."

"Ni na ciro shi daga rami da hannuna!"

"Hannunka ba takarda ba ne. In na hana mutum aiki a kan maganar bakin gareji, gobe lauya zai zo ya kwashe mana rufin makaranta. Kuma wa kake so mu ba? Shi kaɗai ya nema. Za ka tuƙa?"

"Ina da sana'a."

"To ka gani. Ranar Alhamis da la'asar za mu zauna. In kana da takardar kotu, kawo. In ba ka da ita, zo ka sha kofi."

Rhonda ta ce ai yanzu komai yana intanet. Muka zauna gaban wayarta, ita tana latsawa ni ina zagi. Shafin kotun ya ce mu sa lambar shari'a. Wanda ya san lambar shari'a me zai zo nema? Muka sa suna, ya kawo mana wani Vickery da ya yi rigimar kan iyakar gona, wanda ni na ɗauki gawarsa shekara tara da suka wuce.

Washegari na rufe gareji, na yi tafiyar mil talatin zuwa kotun gunduma. Magatakardar kotun, Marjean Pruett, ajinmu ɗaya a sakandare, kuma tun lokacin ba ta ga abin burgewa a tare da ni ba.

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai! Yau kuma wa ka kashe?"

"Ban kashe ba tukuna. Takardun shari'o'in Lonnie Vickery nake so."

"Kawo lamba."

"Marjean, kada ki fara."

"Ga kwamfutar jama'a can, je ka duba."

Na juya. An lulluɓe na'urar da leda, ga bokiti a gefenta.

Ta ce, "Rufin ne ke yoyo. Tun bara."

"To ki duba mini a taki mana."

"Tawa ta ma'aikata ce. Doka ta ce kowa na da ikon ganin takardun kotu, ba ta ce ni zan ɗauko wa kowa ba. Ƙafarka ƙalau take?"

"Ranki ya daɗe, harajina ne ke biyan kujerar da kike kai."

"To ka ƙara, ƙafa ɗaya na rawa."

Ta miƙo mini mabuɗi, ta nuna matakalar ɗakin ƙasa. A can aka jibge tsofaffin fayiloli cikin kwalaye, shekara-shekara, wasu an rubuta shekarar a jiki, wasu ɓera ya cinye ta. Kwan fitila ɗaya ne, shi ma yana ƙyaftawa kamar mai jin barci. Ban riƙe ranakun ba, amma na riƙe motar. Ramin farko shekarar da na sa mata sabuwar lagireto ne. Shingen shanu shekarar da ƙanƙara ta fasa mata gilashi. Da haka na bi kwalaye ina atishawa ina tsine wa duk wanda ya taɓa riƙe muƙami a gundumar nan. Ƙarfe biyu ta wuce kafin na haɗa huɗun.

Na buɗe na farko nan a tsaye. A shafin sama an buga laifin da 'yan sanda suka kawo shi da shi: tuƙi cikin maye. Sai aka ja layi a kai da biro, aka rubuta a ƙasa cewa an sauya tuhuma zuwa tuƙa mota mai lalatacciyar salansa. Ya amsa laifi, an ci shi tara, an rufe. Na buɗe na biyu, salansa. Na uku, salansa. Na huɗun, wanda ya tumɓuke allon coci har da ayar da ke jiki, shi ma salansa.

Na hau matakala bibbiyu, abin da gwiwata ba ta yafe mini ba har yau. Na zube su gaban Marjean.

"Mene ne wannan?"

Ko kallo ba ta yi ba. "Salansa ce ko?"

"Ashe kin sani!"

"Darrell, a nan ka girma ko a wata? Rabin mazan gundumar nan salansarsu ta taɓa lalacewa a takarda. Lauya ya je ya sami mai gabatar da ƙara, su ci tarwaɗa tare a gidan abincin tsallaken titi, su dawo an daidaita. In aka ƙwace wa mutum lasisi a nan, da me zai je aiki? Bas muke da shi ko tasi? Sai ya zauna a gida, iyalinsa su dawo kan gunduma. To sai a tsuga masa tara, a bar masa lasisinsa."

"A bar masa ya je ya kashe wani."

"Ni dai hatimi nake bugawa."

"Wato salansa ce ta bi shi cikin shanu? Salansa ce ke rera waƙa a bayan motar 'yan sanda?"

"Rage murya, alƙali na sama."

"Ya sauko mana! Ina so in ga mutumin da ya yarda mota ɗaya ta yi ciwo ɗaya sau huɗu bai tambaya ba!"

Ta kwafe mini fayilolin kaf, ta buga hatimi, ta manne kowanne, ta ce in gaida Rhonda, in ce tana mata sannu da haƙuri.

Kwana biyu ban iya aiki ba. Na ɗaure wa wani taya na manta noti biyu, Allah ya so ya dawo. Takardun suna kan kujerar janwe, duk lokacin da na dubi shafin saman nan da layin biro sai in kife su.

Ranar Alhamis aka zauna a ɗakin karatun makaranta, kan kujerun yara. 'Yan kwamiti biyar, iyaye kamar goma, ga Lonnie a gaba ya sha aski har da ɗamarar wuya. Da ba don na ga motarsa a waje ba da ban gane shi ba.

Da aka ba ni dama na miƙe na ajiye fayilolin gaban Wendell. Na faɗi ramuka biyu, na faɗi shanu, na faɗi coci. Na faɗi gadar Sully da faɗinta, don na auna.

Lonnie ya ce a hankali, "Darrell, wata goma sha huɗu ban sa a bakina ba. Tambayi fasto."

Na ce, "Haka ka ce bayan rami na biyu."

"Wannan karon daban ne."

"Allah ya sa. Ka gwada shi a kan buhunan Wendell, ba a kan jikata ba."

Wendell yana ta buɗa shafuka a hankali, yana lasar yatsa. Ya ce, "Abin da na gani a nan, laifin salansa ne huɗu."

"Ƙarya ce huɗu! Motar nan na san ta kamar tafin hannuna. Salansarta tun daga kamfani take, ba ta taɓa ko tari ba."

"Amma a ƙarshen kowane fayil akwai shaidar bakanike, cewa ya duba ya ga ta lalace, ya gyara. Da ita kotu ta rufe maganar."

"To wannan bakaniken shi ne babban ɗan iskan! Wani ne can birni da lauya ya ajiye yana ba shi na goro. Shi ya kamata a fara ɗaurewa, kafin lauyan, kafin alƙalin. In wani abu ya sami yaran nan, jininsu na wuyansa!"

Wendell ya ce, "Darrell, zauna."

"Ba zan zauna ba!"

"Don Allah zauna, abokina."

Ya buɗe fayilolin a shafin ƙarshe ya turo mini. Ina tsaye ina dubawa suka kaɗa ƙuri'a, huɗu suka yarda, ɗaya ta ƙi. Lonnie zai fara ɗaukar yara ranar Litinin, ƙarfe bakwai saura kwata a ƙofar gidanmu.

Irin takardar shaidar nan kusan kowane mako sai wani ya shigo gareji da ita, a kan fitila ko madubi ko gilashi, ya ce kotu ke nema. Ina goge hannu a wando, in ɗora ta a kan bonet, in zana mata biro ban karanta ba, in ce ya gaida gida.

Sa hannuna ne a duka huɗun.